Dogon Turanci Ya Ishe Mu Haka

Da zarar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta matso, sai 'yan ƙananan littattafai su cika bakin makarantu: jerin karin maganar Turanci da ma'anoninsu, da manyan kalmomin da wai za su sa a ga girmanka. Yara su saya, su haddace kamar aku, su amayar a ɗakin jarrabawa, su manta. Abin yana ƙona min rai, domin yaron da ya iya rero wannan jeri, in ka ce ya rubuta takardar neman aiki mai layi goma, sai gumi ya karyo masa.

Ɗauki "kick the bucket". Littafin zai ce ma'anarsa mutuwa, shi ke nan. Ba zai gaya wa yaro cewa Bature ba ya faɗin haka sai cikin raha ko shaƙiyanci ba, irin yadda mu za mu ce wane ya sheƙa barzahu. Sai ɗalibi ya ɗauka ya samu ado, ya je ya cusa shi a wasiƙar ta'aziyya. Wa ya cuce shi? Wanda ya ba shi ma'ana bai ba shi muhalli ba. Haka "raining cats and dogs", wato ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsohon yayi ne a can garinsu, amma a nan har gobe maki ake ba shi.

Yaran ma ba su da laifi, a wurin manya suka gani. Mun mai da Turanci kayan burga. Patrick Obahiagbon, wanda ya wakilci wani yanki na jihar Edo a Majalisar Wakilai daga 2007 zuwa 2011, ya yi suna ne da kalmomin da sai an buɗe ƙamus, ana dariya ana tafi. Shi dai ya nishaɗantar. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ma'aikacin da zai rubuta sanarwar biyan haraji ko takardar bashin banki da Turancin da shi kansa ba zai iya warware shi ba, sannan a miƙa wa manomi ya dangwala yatsa. Wannan ba gwaninta ba ce, rufa-rufa ce.

Masu harshen kansu sun daɗe da gajiya da wannan hali. Tun 1946 George Orwell ya yi rubutu yana sukar masu ɓoye rashin tunani a bayan dogayen kalmomi. A 1979 wata mata, Chrissie Maher, ta yayyaga takardun gwamnati a gaban majalisar dokokin Birtaniya don nuna fushinta da yadda ake rubuta su. A 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa hukumomin gwamnatin Amurka yin rubutun da talaka zai gane. Su suna sauƙaƙawa, mu 'yan aro muna ƙara masa kauri!

Ban ce a bar koyon Turanci ba. Babu mai shiga jami'a a Nijeriya ba tare da ya ci shi ba, kuma akwai karin maganar da ke da amfani. Wanda ke karanta jarida zai yi ta cin karo da "white elephant" duk lokacin da aka taɓo kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka soma tun 1979 yana cin kuɗi ba ya haihuwa. Wannan ba ya bukatar hadda, labarin ne zai koya masa.

Saboda haka, malam, ajiye jerin nan. Sa yara su karanta jarida da labari a aji, su rubuta wasiƙa duk mako, ka zauna ka duba ta da jan biro. Masu shirya jarrabawa kuma su daina tambayar yaron Gumel abin da ɗan Landan ya daina faɗi.