Makulli ɗaya, hannu ɗaya

A taron uwayen yara na wata makarantar kuɗi na tambayi darakta: in mai kula da kwamfuta ya yi fushi ya tafi gobe, wa ya san kalmar sirrin? Sai ya haɗe rai ya ce, "Malam, yaron nan namu ne, muna da yarda da shi." Wasu uwaye har suka harare ni, wai na zargi bawan Allah.

Ban zargi kowa ba. Makin ɗiyanmu na shekara uku da lissafin kuɗin da muka biya suna cikin na'ura guda, makullinta na kan mutum guda. Wannan ba yarda ba ce, sakaci ne.

Ku ji abin da ya faru a kamfanin Omega Engineering, a jihar New Jersey ta Amurka. Timothy Lloyd ya shekara 11 yana yi musu aiki, shi ya shimfiɗa musu tsarin kwamfutocin. Aka sallame shi ranar 10 ga Yuli 1996. Ranar 31 ga wata, wani umurni da ya binne cikin na'ura ya tashi ya shafe manhajojin da injinan masana'antar ke aiki da su. Hasara ta kai wajen dala miliyan 10, ma'aikata 80 suka rasa abincinsu. Shi kuma aka yanke masa wata 41 a gidan kaso, amma ɗaurinsa bai maido da komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai, alamun ba a ɓoye suke ba. Ya daɗe yana rigima da abokan aiki. Ya kwashe manhajojin daga kwamfutocin ma'aikata ya tara su wuri guda. Faifan ajiya da za a dogara da shi ranar tsiya kuwa, a gidansa masu bincike suka same shi, an goge.

Fushi kaɗai ba hujja ba ne. Wanda aka riƙe wa albashi wata biyu dole ya ɓata rai, kuma biyansa ya kamata a yi. Ni aikin nake kallo: wanda ya ƙi koya wa kowa, wanda in an nemi kalmar sirri kullum sai ya ce gobe, wanda kwafin ajiya ke kwana cikin jakarsa.

Malamai, kada ku yar da rajistar makinku ta takarda don an ce an shigar a kwamfuta. Ni dai taro mai zuwa zan sake tambayar darakta, ko da za a sake harara ta.