An kore shi, mun ji. Daga nan sai ina?

Duk wanda ya ratsa makarantar gaba da sakandare ya san takardar nan da akan liƙa a allon sanarwa bayan zaman majalisar malamai: wane an dakatar da shi zango biyu, wance an kore ta baki ɗaya. Sau da yawa laifin satar amsa ne, wani lokaci faɗa ko takardar sakamako ta bogi. Ba ni da ja a kan hukunci. Makarantar da ba ta iya hora ɗalibi ba, shaidarta ba ta da daraja, kuma ba wanda ke son malamin asibitin da ya ci jarrabawa da satar amsa ya yi wa ɗansa allura. Damuwata ita ce takardar tana faɗin laifi, tana faɗin hukunci, sai ta yi shiru a kan abin da zai biyo baya.

Wannan shirun ya fi yi mana tsada a Zamfara. An ƙirƙiri jihar a 1996, amma sai a 2013 muka sami jami'a ta farko, wato Jami'ar Tarayya ta Gusau, sannan ta jiha da ke Talatar Mafara ta zo a 2018. In ka haɗa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, da 'yan kaɗan irinsu, ka kusa ƙirga ƙofofin da ɗan talaka ke iya bugawa. Uban da ya sayar da buhunan gero a Kwatarkwashi ko 'Yandoto don biyan kuɗin rajista ba shi da halin tura ɗansa Nijar ko Sudan ya sake sabon lale. In an koro yaron, gida zai dawo ya zauna, a jihar da kowa ya san su wa ke zawarcin matasa marasa abin yi. In kuwa yarinya ce, da wuya a sake ɗaga maganar karatunta.

Akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba: ɗalibi yana da haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori ɗalibai, suka tafi kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba da Jami'ar Maiduguri. Cikin dalilanta har da cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda tarzomar ta shafi gidansa, shi ne ya jagoranci kwamitin bincike. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 yana nan a kan wannan turba. Saboda haka uban da aka kawo wa takardar kora, kafin ya ɗaga sanda, ya tambayi ɗansa: an kira ka gaban kwamiti? An nuna maka hujja? Sannan ya buɗe littafin dokokin ɗalibai ya duba wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa, don wa'adin ba ya jiran a huce.

A kuma bambanta dakatarwa da kora. Wanda aka dakatar gurbinsa yana nan. Ya cika wa'adinsa, ya koma ya yi rajista, ya daure da kallon da za a yi masa. Kunya ce ke sa wasu su ƙi komawa, su mayar da hukuncin shekara ɗaya ya zama na har abada da hannunsu.

Wanda aka kora shi ne ke cikin tsaka mai wuya. Canjin makaranta yana buƙatar takardu daga inda ya baro, don haka a zahiri hanyar da ta rage masa ita ce ya koma JAMB ya faro daga aji ɗaya. Nan ne masu ba da muguwar shawara ke shigowa: ɓoye kawai, sauya suna, rage shekaru. Wannan zamani ya wuce. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, ga hoton yatsu. Inda fom ya tambaya ko an taɓa korarka, faɗi gaskiya. Wanda ya yi ƙarya ya shiga, aka gano shi a ajin ƙarshe, ya yi asarar shekaru huɗu a kan na baya.

Sai dai ba adalci ba ne mu ce wa yaro ya faɗi gaskiya alhali ba mu tanadi inda gaskiyar za ta kai shi ba. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin a hana wanda aka kama da maguɗi zana jarrabawar ƙasa na tsawon shekara uku. Hukunci ne mai zafi, amma yana da ranar ƙarewa. Me zai hana makarantunmu su yi haka? Wanda ya zaro wuƙa ko ya ci zarafin ɗaliba, a rufe masa ƙofa, ba ni da ta cewa. Amma ɗan shekara 18 da aka kama da guntuwar takarda a aljihu, ya amsa laifinsa, ban ga dalilin da zai sa a bi shi da wannan tabo har furfura ba, mu da muke karantar da tuba a kowane masallaci.

Ina roƙon shugabannin makarantun Gusau da Tsafe da sauran na jihar nan, da Ma'aikatar Ilimi, su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce: wane laifi ne ke rufe ƙofa har abada, wanne ne ake yafewa bayan shekara kaza. A kuma ƙara sakin layi ɗaya a ƙasan kowace takardar hukunci, mai bayyana wa ɗalibi inda zai ɗaukaka ƙara da ranar da zai iya sake neman gurbi.