Gudu ko ɗaga ƙarfe: da wanne sabon shiga zai fara? 🧵

1/ Da mutum ya ce zai fara motsa jiki, sai a rabu gida biyu a kansa. 'Yan gudu su ce "fita ka yi gumi." 'Yan ƙarfe su ce "gudu ɓata lokaci ne, zo jim." Kafin a gama musu, mai niyyar ya koma ya kwanta. Ga nawa ra'ayin, ku biyo ni.

2/ Mu fara raba su. Na farko shi ne duk motsin da zai sa ka haki na tsawon lokaci: tafiya da sauri, gudu, keke, tsallen igiya, ƙwallo. Shi ake kira kadiyo. Aikinsa yana kan zuciya da huhu da jijiyoyin jini.

3/ Na biyu shi ne ka sa tsoka ta yi kokawa da nauyi. Ko ƙarfe, ko jarkar ruwa, ko nauyin jikinka. Aikinsa ƙarfafa tsoka da ƙashi da gaɓoɓi. Kowanne da gonarsa, ɗaya ba ya nome ta ɗaya.

4/ Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta zaɓi ɗaya ba. Shawarar da ta fitar a 2020 ga baligi: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Duka biyun.

5/ Kar minti 150 ya tsorata ka. Minti 30 ne sau 5 a mako. Amma duk da haka, ƙididdigar hukumar ta nuna a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba sa kaiwa nan. Wato abin da ke kayar da mutane shi ne ɗorewa. Zaɓin wanne ya fi ƙaramin al'amari ne.

6/ To idan aka matsa min aka ce sai dai ɗaya? Ga sabon shiga, tafiya da sauri zan zaɓa. Ba kuɗin jim, ba sai an koya maka ba, da wuya ka ji ciwo, kuma ko mai nauyin jiki zai iya. Abin da za ka iya maimaitawa gobe shi ne zai yi maka amfani.

7/ Ta ya za ka gane saurin ya isa? Idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici. Idan kalma biyu uku kawai kake iya fitarwa kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Ba ka buƙatar agogon dubu ɗari don sanin wannan.

8/ Amma fa 'yan gudu, ku ma ku saurara. Gudu bai ƙone kitse yadda kuke zuzutawa. Mai kilo 70 idan ya yi gudun kilomita 1, kusan kalori 70 ya ƙona. Kilomita 3, kusan 210. Kwalbar lemo mai gas ta rabin lita ita ma wajen 200 ce. Ka gama gudu ka kora da ita, an tashi canjaras 😅

9/ Kilo 1 na kitse kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ku yi lissafin da kanku. Shi ya sa wanda ya fara gudu don tumbi kawai yake karaya bayan mako uku. Rage ƙiba galibi a kwano yake. Ribar gudu tana zuciya, hawan jini, barci da nutsuwa.

10/ Ku ma 'yan ƙarfe akwai taku. "Tsoka tana ƙona kitse kana barci." E, amma ɗan kaɗan ne: kilo 1 na tsoka idan tana hutawa kalori wajen 13 take ci a yini. Bai kai rabin ƙosai ba. Ku daina tallata ƙarfe da wannan, yana da hujjojin da suka fi haka ƙarfi.

11/ Ga su. Daga wajen shekara 30 tsoka takan fara raguwa a hankali idan ba a amfani da ita. Ita ce kuma babbar ma'ajiyar da ke zuƙe sukari daga jini bayan cin abinci. Ƙashi ma sai yana ɗaukar nauyi yake ƙara ƙwari. Ka dubi dattijon da sai an kama shi yake tashi daga tabarma. Tun yanzu ake tanadin wannan ranar.

12/ Saboda haka matsayina: tafiya ce harsashi, amma kada wata guda ya wuce ba ka shigo da aikin tsoka ba. Shi ne ɓangaren da aka fi yin watsi da shi, musamman 'yan uwa mata.

13/ 'Yar uwa, na san tsoron: "kar na zama kamar ɗan dambe." Ba zai faru da kwana biyu a mako ba. Sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikinki. Maza ma sai sun yi shekaru suna wahala da cin abinci na musamman. Abin da za ki samu shi ne ƙarfin baya da gwiwa, kuma a cikin ɗaki za ki yi abinki.

14/ Kayan aiki? Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Jarkar lita 5 kilo 5 ke nan. Jakar makaranta cike da littattafai ma nauyi ce. Motsi huɗu sun isa a farko:
• tashi-tsugunna, ko zama da tashi daga kujera
• fush-of, ko a jikin bango ne
• jawo jarka zuwa ƙugu kana sunkuye, baya a miƙe
• ɗaukar jarka ka yi tafiya da ita

15/ Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a sake. Zagaye 2 ko 3. Ka tsaya tun kana jin za ka iya ƙara biyu. Ranar da 12 ya zama wasa, ƙara nauyi kaɗan. Wannan ƙarin na sannu a hankali shi ne sirrin gaba ɗaya.

16/ Jadawalin mako ga mai farawa:
Litinin, Laraba, Asabar: tafiya minti 20 zuwa 30
Talata, Alhamis: aikin tsoka minti 20
Juma'a da Lahadi: hutu
Bai kai minti 150 ba tukuna, na sani. Za ka kai. Da babu gara ba daɗi.

17/ Yanzu maganar da ta fi komai: me ke kashe himma? Na ɗaya, ranar farko. Mutum ya shekara biyar a zaune, rana ɗaya ya je ya yi ɗaukar Dala ba gammo don kar a raina shi a jim. Ciwon tsoka yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Kwana uku yana tafiya kamar an yi masa duka, shi ke nan an rabu.

18/ Fara da abin da har za ka ji kunyar faɗa wa abokai. Minti 10. Fush-of 5. Ka tashi da sauran ƙarfi da sauran marmari, shi zai dawo da kai gobe.

19/ Na biyu, sikeli da madubi. Nauyin jiki yana hawa da sauka a yini saboda ruwa da abinci. Kuma a makonnin farko ƙarfin da kake samu yawanci daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, suna koyon sarrafa tsokar. Madubi zai yi shiru alhali aiki na tafiya. Ƙirga kwanakin da ka fita da adadin da ka yi. Su ba sa ƙarya.

20/ Na uku, tatsuniyar "kwana 21 ya zama ɗabi'a." Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan a 2009 ya samu matsakaicin kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe abin ba. Ka fashe yau? Fita gobe. Kar dai ka bari su zama biyu a jere.

21/ Himma kamar wutar NEPA take, ba a dogara da ita. Ɗaure motsin da abin da ba ka fashinsa: bayan Asuba, ko da an tashi daga aiki. Ajiye takalmi a bakin ƙofa tun dare. Samu aboki ɗaya da zai kira ka, kunyarsa za ta fitar da kai ranar da ba ka so.

22/ A lura da yanayi. Zafin Maris da Afrilu ba na gudun rana ba ne, sassafe ko yamma liƙis, da ruwa a hannu. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Da azumi a rage, a mai da shi bayan shan ruwa.

23/ Gargaɗi, ba wasa. Ciwon ƙirji, jiri ko suma: tsaya nan take, a ga likita. Fitsari ya koma kalar shayi bayan motsi mai tsanani, ga tsoka ta kumbura: asibiti kai tsaye, ƙoda na cikin haɗari. Mai hawan jini, ciwon sukari ko juna biyu, a fara da shawarar likita. Allurar kumbura tsoka kuwa, a guje ta.

24/ Aikin gida: zaɓi rana da lokaci, ka rubuta a ƙasan wannan zaren. Misali "Litinin, 6:30, tafiya minti 15." Bayan mako huɗu ka dawo ka faɗa mana sau nawa ka fita. Ka tura wa abokin nan naka da ke cewa "Litinin zan fara" tun bara. Allah Ya ƙara mana lafiya 🤲