Maigadi Ma Yana Da Ranar Hutu

A Ikko da Badun akwai 'yan Arewa da yawa waɗanda aiki ya cinye lokacinsu kaf. Maigadi zai kwana a bakin ƙofa, gari na wayewa ya baza tebur, ran Lahadi kuma ya wanke mota. Shi kuwa maigidan nasa, ran Asabar ya ɗora kekensa na hawan tsauni a mota ya fita bayan gari shan iska. Ba laifi ba ne, amma ba shi kaɗai ke gajiya ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, da hutun aƙalla kwana 6 da biya bayan aikin wata 12. Ya kamata a tsai da wannan magana tun ranar ɗaukar aiki, a gaban shaida, kafin a karɓi makulli.

Rashin ranar hutun nan ne ya sa 'yan agaji suke ƙaranci a Agege da Sabo, aikin gayya ya koma wuyan tsofaffi. Ran da baƙo ya kwanta asibiti, su ne ake nema su kai masa abinci.