Farfesa Diso ya kai ƙololuwa, amma wa zai koyar da makahon yaro a Ambursa?

Duk wanda ya san Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero ta Kano ya san sunan Jibrin Isa Diso, makahon malamin da ya kai matsayin farfesa a fannin koyar da masu buƙata ta musamman. Ana yawan kawo labarinsa a wuraren taro a matsayin hujjar cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Gaskiya ne, sai dai masu tafin sukan manta cewa da wuya makaho ya kai jami'a ba tare da wani malami ya fara kama yatsunsa ya ɗora su a kan ɗigogi shida na rubutun Braille ba. Samar da irin wannan malamin shi ne aikin sashen da Diso ya koyar a cikinsa, kuma shi ne ƙarancin da ya fi cutar da yaran karkara a jihohi irin Kebbi.

Doka ba ta bar wa kowa mafaka ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun irin waɗannan ɗalibai. Tun a 1977 ma manufar ilimi ta ƙasa ta ware wa fannin sashe na kansa, kuma a shekarar ce aka buɗe Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo. Tambayar ita ce daga ina firamaren Ambursa, ko ta wani ƙauye a fadamar Rima, za ta samo wannan mutum ɗaya. Oyo ta yi nisa. Kano da Jos, inda jami'o'i ke da sassan fannin, su ma ba nan kusa ba ne, kuma wanda ya gama a can ya fi son ya zauna a birni.

Matsalar kurame ta fi ta makafi sarƙaƙiya, kuma a nan ne horon malamai ya fi yin tuntuɓe. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya yaɗa bayan ya kafa makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwansa, har Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Yaron da ya tashi a Ambursa yana magana da uwarsa da alamun gida, yana ciniki a kasuwa da su, idan aka kai shi aji sai ya tarar da wasu alamu dabam, ga kuma Turanci a kan allo. Malamin da bai san maganar hannun Hausawa ba zai ɗauka yaron daƙiƙi ne, alhali yaron ya zo da harshensa cikakke, malamin ne bai iya ba.

Kebbi tana da wuraren da za a gyara wannan. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana Argungu, Jami'ar Tarayya tana Birnin Kebbi, Ambursa kuma tana kan hanyar da ta haɗa garuruwan biyu. Ɗalibin da ke neman shaidar malanta bai kamata ya fita da bayanin takarda kawai a kan makanta da kurumta ba. A tura wasu su yi koyarwar gwaji a ajin da ke da makafi da kurame, ko da sai an kai su makarantar A.A. Raji da ke Sakkwato. A ɗauki manyan kurame aiki su koyar da maganar hannu a kwalejin; ba su da digiri, amma sun fi mai digirin iya harshen.

Sai kuma abin da ke hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato rabon wuraren aiki. Ba shi da amfani a kashe kuɗi a horar da mutum a Oyo ko Kano, ya dawo a ba shi ajin lissafi saboda an rasa malami. Ba kowace firamare za ta samu ƙwararre yanzu ba, amma malami ɗaya da babur zai iya zagaya makarantun mazaɓa guda a mako, ya duba yaran, ya nuna wa malaman aji yadda za su zaunar da mai raunin gani a gaba. Sarakunan makafi da masu unguwanni sun san gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara, kuma su ne za su iya ba shi sunayen farko.