Masu Ɗana wa Faɗa-wuta Tarko a Ingila

A ƙasar Ingila, da zarar sanyin hunturu ya janye a watan Maris, itatuwa suka soma toho, akwai waɗansu mutane da ke ta ɗokin faɗuwar rana. Galibinsu ba malaman kimiyya ba ne. Akwai malaman makaranta, da akawuna, da tsofaffi masu cin fansho, kuma abin da ya haɗa su shi ne sha'awar ƙwaron nan faɗa-wuta, watau ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare.

Ingila da maƙwabtanta na tsibirin Birtaniya suna da faɗa-wuta iri wajen 2,500, alhali irin malam-buɗe-littafi na rana bai wuce 60 ba. Tarkon da akan ɗana musu ba ya kisa. Akwati ne ko babban kwano mai murfi, da fitila mai tsananin haske a bisa, da mazurari a ƙarƙashinta. Ƙwaro ya zo yana kewaya fitila, sai ya zurma ta mazurarin, ya tarar da kwalayen ƙwai da aka jera masa, ya lafe a ciki har gari ya waye. Mafi shahara shi ne tarkon Robinson, wanda aka ƙago a 1950. Wanda ba shi da fitila kuwa yakan dafa sukari da maɗi ya shafa a jikin itace, ƙanshi ya jawo su.

Dalilin da ke sa su kewaya fitila ya daɗe yana ba masana wuya. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa ƙwaro yakan juya bayansa ga haske don ya san inda sama take, fitila kuwa takan rikita masa wannan ma'auni, ya yi ta zagaye ba ya iya wucewa.

Da asuba maigida ya buɗe tarko, ya ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana duba launi da zanen fiffike yana gwadawa da na littafi. A Maris da Afrilu ire-iren ba su da yawa, shi ya sa ake ba sabon shiga shawara ya fara a lokacin, kafin cunkoson Yuli. Cikin na farko-farko akwai wanda ake wa laƙabi da Harafin Ibraniyanci, saboda baƙin tambarin da ke fiffikensa. In ya gama, sai ya rubuta suna da adadi da kwanan wata, kana ya sake su cikin ciyawa inda tsuntsaye ba za su gan su ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan aikin marasa abin yi ne. To, amma da yayyafi kogi kan cika. A 2019 aka buga littafin taswirar manyan faɗa-wuta na Birtaniya da Ailan, wanda ya dogara ga bayanai fiye da miliyan 25, yawancinsu daga hannun irin waɗannan mutane. Har ila yau, tarkunan cibiyar binciken noma ta Rothamsted, waɗanda masu aikin sa kai ke taimakawa wajen lura da su, sun nuna cewa yawan manyan faɗa-wuta ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin su ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan da dare, tsutsotsinsu ne abincin 'ya'yan tsuntsaye, jemagu kuma da su suke rayuwa. Ana ɗora laifin a kan ɓacewar dazuzzuka da makiyaya, da magungunan feshi, da sauyin yanayi, da yawan fitilun dare.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce ga amfani da sharrin wannan ƙwaro. Zaren tsamiya da ake saƙa manyan riguna da shi daga gidan tsutsar wani faɗa-wuta ake samunsa. Haka kuma tsutsar nan mai cinye masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, aka soma ganinta a Nijeriya a 2016, uwarta faɗa-wuta ce mai tashi da dare ta yi tafiya mai nisa. Wanda ya ga uwa a tarko ya san 'ya'ya na tafe, ya kuwa sami kwanakin shiri kafin ɓarna ta bayyana a gona.

Saboda haka ya kamata malaman makarantu da malaman gona su dubi wannan al'amari da idon basira. Farin zane, da fitila, da littafin rubutu sun isa yaro ya fara a farkon damina. In aka daure ana rubutawa shekara da shekaru, ƙauye zai mallaki tarihin ƙwarinsa, manomi kuma ya sami gargaɗi a kan kari. Rigakafi dai ya fi magani.