Gonar talaka da ake miƙa wa kamfani

Duk wanda ya zauna shan shayi da 'yan uwa a nan Tamanrasset ya san inda hira ke ƙarewa: wane yana tara kuɗi ya sayi gona a Maraɗi, wane ya aika a kafa masa ɗaki biyu a Gumel. Shi ya sa abin da ya faru a Jigawa bai kamata ya wuce mu ba.

A zamanin Gwamna Badaru Abubakar, wanda ya hau mulki a 2015, gwamnatin jihar ta ware wa kamfanin Lee Group kimanin hekta 12,000 don noman rake, a yankin Gagarawa da maƙwabtanta. Ba daji ba ne, gonakin gado ne, kuma manoma da yawa sun fito sun ce ba su yarda ba. Hujjar gwamnati ita ce Dokar Filaye ta 1978, wadda ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Diyyar ma ta shuka da gini ce kawai, ban da ƙasar kanta.

To, ina jama'ar take a nan? In hanya za a yi, ko asibiti, ko bututun ruwa irin wanda ya kawo mana ruwa daga In Salah, babu mai ja. Amma kamfani riba yake nema. In yana son gona, ya zo ya taya, mai ita ya sallama ko ya ce albarka. Kotun Ƙolin Najeriya ta faɗi kusan haka tun 1991, a shari'ar Osho: karɓe filin wani don a ba wani ɗan kasuwa ba amfanin jama'a ba ne.

Za a ce ai ana samar da aikin yi. Haka aka ce a garin New London na Amurka, inda kotu ta yarda a 2005 a tashi masu gidaje saboda ginin 'yan kasuwa. A 2009 kamfanin Pfizer, wanda aka dogara da shi, ya sanar zai bar garin, filin ya yi shekaru babu ko tubali ɗaya. Kamfani na iya naɗe kayansa ya tafi. Manomi ina za shi?

A nan Aljeriya, doka mai lamba 91-11 ta 1991 ta ce ba a karɓe mallakar mutum sai don amfanin jama'a, tare da diyya ta adalci, kuma wata ɗaya kacal ake ba shi ya kai ƙara. Sai dai doka takarda take ji. Nawa ne cikinmu suka sayi fili da 'yar takardar hannu da shaidu biyu, ba su taɓa leƙa ofishin notaire ba?

Don haka, ɗan uwa, kafin ka ƙara aika kuɗin siminti, aika na rajistar fili, nan da can gida. In kuma an zo da maganar amfanin jama'a, ku haɗa kai ku tambaya a rubuce: sunan wa zai hau takardar bayan an tashe mu?